Agajin Zuciya: Aikin Da Ke Jiran Masallatanmu

Godiya ta tabbata ga Allah Mai yaye baƙin ciki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

A watan Janairun 2023, tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Ci gaba ne, amma doka ba ta samar da likita da kanta. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Asibitocin da muke da su a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, sun yi wa mafi yawan ƙauyukanmu nisa.

Ga kuma musibu suna ta sauka. Wanda aka sako daga hannun masu garkuwa yakan dawo gida ba ya iya barci. Magidancin da ambaliyar madatsar Alau ta cinye gidansa a Maiduguri a Satumban 2024 yana iya samun tabarma da hatsi, amma fargabar wannan dare tana nan tare da shi. Irin waɗannan bayin Allah wurin wa suke fara zuwa? Wurin liman bayan sallar Asuba, ko malamar Islamiyya, ko dattijon unguwa. Mu ne ƙofar farko ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta wadatarwa idan babu sani.

Sau da yawa ana tarbar mai damuwa da wa'azi kafin ya gama magana. A ce masa raunin imani ne, ko a jingina komai ga aljanu da sammu. Mafi muni, a 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Alhali Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai ga idanunsa sun yi fari, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman Sira sun kira ta shekarar baƙin ciki. Malaminmu Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya bambanta a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke taso wa mutum ba tare da sanadi bayyananne ba, ya kuma nuna cewa na biyun yana da alaƙa da jiki, yana buƙatar magani.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da wasu ƙungiyoyin agaji, ta fitar da jagora kan taimakon gaggawa ga wanda ya shiga firgici. Ginshiƙansa uku ne: a duba halin mutum, a saurare shi, a sada shi da inda zai sami taimako. Duk ɗalibin Sira zai tuna abin da Nana Khadija, Allah Ya yarda da ita, ta yi lokacin da Manzon Allah (SAW) ya dawo daga kogon Hira jikinsa na rawa. Ta lulluɓe shi har ya natsu. Ta saurari labarinsa, ta tunatar da shi kyawawan halayensa, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda ya fi ta sanin al'amarin. Ba ta zarge shi ba, ba ta kuma tsaya ga iya saninta ba.

An jarraba horar da talakawa kan wannan aiki, kuma ya yi amfani. A birnin Harare na Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata zama a kan benci a harabar asibiti suna tattaunawa da masu damuwa har zama shida. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da su ne ke da alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan rabi ne.

Mu kuwa muna da abin da za a ɗora a kai. Rundunonin 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanul Islam sun daɗe suna koyon ɗaure rauni da ɗaukar majinyaci. Ƙungiyar FOMWAN tana da rassa a jihohi tun bayan kafa ta a 1985. Abin da ya rage shi ne kwamitocin masallatai su gayyato likitoci da ma'aikatan jinya na wannan fanni su horar da mutum biyu ko uku a kowace unguwa, maza da mata, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa wa liman ba.

Horon ya ƙunshi riƙe sirri, domin magana amana ce. Ya ƙunshi gane alamun haɗari: mai ambaton cewa ya gaji da rayuwa, da mai jego da ta daina kula da jaririnta, da wanda ke jin muryoyin da babu su. Irin waɗannan ba a barin su su kaɗai, kuma asibiti ake kai su ba tare da jinkiri ba, ana haɗawa da addu'a da ruƙya ta shari'a. Wanda aka horar ya san iyakarsa: ba ya rubuta magani, ba ya hana kowa shan wanda likita ya ba shi.

A fahimtarmu wannan aiki yana cikin farillan kifaya, kamar wankan gawa: idan wasu suka koya suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Muna kira ga limamai su gabatar da batun a taron kwamiti na gaba, ɗalibanmu kuma su ba da sunayensu.

Allah Ya yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.