Tsohon Doki Na Ramewa, Ga Kuwa Abinci A Gabansa

Duk shekara idan aka fito Hawan Daushe a Kano, ko hawan Sallah a Katsina da Zariya da Bida, idon jama'a yana kan ingarmun da suka sha ado, masu ƙiba da sheƙi. Hawan na Kano ma har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Amma a ƙuryar barga da yawa akwai wani doki a turke wanda aka daina ɗaura wa sirdi. Ya yi shekara ashirin yana ɗaukar ubangidansa, yau kuwa ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. In aka tambayi ɗan barga sai ya ce tsufa ne. Alhali kuwa sau da yawa yunwa ce, kuma daga baki take farawa.

Ga yadda abin yake. Ingarma yana da haƙora 40, guda 24 daga ciki na tauna ne, suna can cikin kumatu inda mai doki ba ya gani. Waɗannan haƙora suna ci gaba da fitowa daga dasashi kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, ciyawa kuma tana cinye su gwargwadon haka. To, muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka cinyewar ba ta tafiya daidai. Gefen haƙoran sama na wajen kumatu yakan yi tsini, haka gefen na ƙasa na wajen harshe, har su riƙa yankan naman baki. Idan doki ya haura shekara 20 kuwa, tsawon haƙorin da ke ɓoye cikin muƙamuƙi ya kusa ƙarewa, wasu su yi girgiɗi, wasu su faɗi.

Alamun ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Dokin zai tauna harawa ya dunƙule ta, sa'an nan ya zubo da curin a ƙasa. Za a ga ƙwayoyin dawa cikin kashinsa yadda aka zuba masa su, ba su ko fashe ba. Wani yakan karkata kai yana ci, wani bakinsa ya yi wari, wani kuma ya riƙa fizgar kai in an sa masa linzami, a ce ya yi taurin kai, har a haɗa masa da bulala.

Maganin tsinin nan magagari ne na musamman da likitan dabbobi yake goge haƙoran da shi, ya kuma cire wanda ya ruɓe. Tsohon doki yana bukatar a duba bakinsa sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da asibitocin dabbobi na jihohi, ai don irin wannan aka kafa su. Kada ɗan barga ya cusa hannu da kansa, don dokin da bakinsa ke ciwo ba ya tantance yatsa da kara.

Sai batun ci. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga doki ya rame a ninka masa hatsi. Hatsi mai yawa a lokaci guda yana kawo kumburin cikin kofato mai gurgunta doki, yana kuma kawo ciwon ciki, doki kuwa ba ya iya amai. Abin da ya dace shi ne a niƙa hatsin, a jiƙa shi tare da dusa, a sassara harawa ƙanana a yayyafa mata ruwa, a raba abincin sau uku ko huɗu a yini. Abin da aka jiƙa da safe kada ya kwana, musamman da bazara, don yakan yi tsami. A ware masa wurin cinsa daban, in ba haka ba matasan dawaki za su ture shi. Ruwa kuma kada ya yanke a gabansa, don doki yakan sha fiye da lita 25 a rana, da zafi ma ya fi haka nesa.

Akwai wata cutar tsufa da ke kama da wannan: gashi ya yi tsawo ya ƙi zuba, naman gadon baya ya zube, dokin ya yawaita sha da fitsari. Wannan daga wata halitta ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, gwajin jini ne ke tabbatar da ita, kuma akwai maganin da ke sassauta ta.

Dokin da ya sami kulawa yakan kai shekara 25 zuwa 30. An ma yi wani a Ingila mai suna Old Billy, mai jan jiragen ruwa, wanda ya mutu a 1822 yana da shekara 62. A nan kuwa, da zarar ƙashin ƙugu ya fito sai a kira dillali, a loda dokin a babbar mota zuwa kasuwannin kudu inda ake yanka su, ba tare da wani ya taɓa buɗe bakinsa ya duba ba.