Shin Ana Ɗaukar Mura Ta Abinci?

Da hunturu ya kama, gida ya cika da tari da atishawa, sai a shiga zargin uwargida, wai kokon da ta dama ya huce, ko kuwa ta bar yara sun sha ruwan randa da sanyin safiya. Tun shekarar 2020 da cutar korona ta shigo ma, har kayan miya wasu ke tsoro. Ya kamata mu san gaskiyar al'amarin, 'yan'uwa mata, domin mu ne masu tukunya, mu ne kuma masu jinya.

Ƙwayoyin da ke kawo mura da korona ta numfashi suke tafiya. Idan mai ciwo ya yi tari, ko atishawa, ko magana ma, sai su fito cikin feshin yawu, na kusa da shi ya shaƙa. Hanya ta biyu ita ce hannu: a taɓa majina, sa'an nan a taɓa hanci ko ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu shaidar cewa ana kamuwa da korona ta cin abinci. Waɗannan ƙwayoyi ba su hayayyafa cikin tuwo ko miya, sai a jikin mai rai, kuma zafin dahuwa yana kashe su. Masu bin abinci da ruwa su ne kwalara da taifod, nasu maganar kuwa daban ce.

To, amma a wurin cin abinci ake yawan shafa wa juna. Mutum biyar sun kewaye kwano ɗaya, kai da kai, ga moɗa ɗaya tana yawo daga baki zuwa baki. Uwa tana mura, ta hura wa jariri koko, ko ta tauna masa abinci. Idan yaron ya kwanta, laifin ba na kokon ba ne.

Akwai kuma inda ya wajaba a yi hattara da abincin kansa tun yana ɗanye. A 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, a 2007 ta kashe wata mata a Legas. Haɗarin yana wajen yanka kaza marar lafiya, da figa, da gyaran kayan ciki, watau aikin da ke hannunmu. A 2024 an sami wannan ƙwaya cikin ɗanyar madarar shanu a Amurka. Haka nan cutar MERS da aka gano a Saudiyya a 2012 tana fitowa daga raƙuma, shi ya sa ake gargaɗin mahajjata kan ɗanyar madarar raƙumi.

Saboda haka kada arha ta ja ki ki sayi kaza mai gyangyaɗi. Nama da ƙwai su dahu sosai, madara kuma a tafasa ta. A wanke hannu da sabulu kafin girki da kafin ci. Mai mura a ware masa kofi da cokali, a buɗe taga iska ta shiga. Ku kuma 'yan makaranta, ku rufe baki da hankici in tari ya zo, musamman mai ɗaukar talla.

Maigida kuwa ya sayo sabulu, ya bar uwargida ta huta da zargi. Allah ya ba mu lafiya, amin.