Ra'ayinmu: Tun Ba a Fara Ba Mun San Ƙarshen Wasan

'Yan'uwa da dattawa, akwai ƙorafin da muke ta ji daga Bagega zuwa Anka, har Gummi da Bukkuyum, musamman a bakin iyaye mata: wasannin kwaikwayon da ake kallo a talabijin da wayoyi duk sun zama labari ɗaya. 'Yar talaka ta haɗu da ɗan attajiri. Uwar yaron ta ce atafau ba za a yi ba. Can sai wata ta bullo tana son wannan saurayin, a je wurin boka, a yi hatsarin mota, wani ya manta kowa nasa. A ƙarshe sai a gano ashe yarinyar 'yar masu kuɗi ce da ta ɓata tun tana jaririya. Yaro ɗan firamare ma zai gaya maka wannan tun a kashi na uku.

Masu ƙorafin suna da gaskiya. Waɗanda suka manyanta sun tuna Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero a Kaduna, da Idon Matambayi na NTA Sakkwato. A waɗannan wasanni ana ganin barikin soja da kasuwa da kotu da fadar hakimi, ana dariya, ana kuma jin kunya in an taɓo halin mutum. Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano bayan Turmin Danya a 1990, sai masu shiryawa suka rungumi salon Indiya: mutum biyu suna son mutum ɗaya, da rawa da waƙa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Labarin soyayya ba shi da tsada. Gida ɗaya mai kyau da mota biyu sun isa. Ba ya ɓata wa mai mulki rai. Kuma tun da kasuwar faifai ta mutu, kuɗin ya koma ga talla da yawan masu kallo a YouTube, don haka dole a ja labarin kashi bayan kashi. Auren da za a ɗaura a mako guda sai ya ci shekara. Mu kuwa muna biyan kuɗin caji da na tura fim, muna tsaki, gobe kuma mu koma.

Ba dukansu ne haka ba. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya zaunar da Musulmi da Kirista a gari ɗaya, suna faɗa suna shiryawa kamar yadda muke yi. Kwana Casa'in, da aka fara a 2019, ya shiga siyasa da cin hanci, jama'a kuma suka kalla. Ashe ana iya barin soyayya ta koma gefe ba tare da an yi asara ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, muna zaune a kan labarin da ya fi duk waɗannan nauyi. A 2010 likitocin MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara kimanin 400 suka rasu. Magidanta ne suka riƙa kawo dutsen zinariya gida don neman abinci, ana daka shi a tsakar gida, ƙurar tana shiga bakin yara masu rarrafe. Bagega sai da ta jira har 2013 kafin a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Uban da neman na tuwo ya jawo wa ɗansa ajali bai sani ba, matar da take zaune da shi bayan haka: ina marubucin da zai ce ya rasa abin rubutawa? Ga kuma 'yan bindiga, ga watannin da aka rufe layukan waya a 2021.

Ba mu ce a kashe talabijin ba, don wanda ya wuni a gona yana da haƙƙin hutawa. Amma muna roƙon dattawa su riƙa zama da yara lokacin kallo, su tambaye su ko sun taɓa ganin auren da ya kasance haka a unguwarsu. Ƙungiyoyin matasa masu shirya wasan Kirsimeti kuma, bana ku bar kwaikwayon finafinan Kano. Ku je wurin iyayen da suka ga shekarar 2010, ku nemi izininsu, ku saurara, sannan ku rubuta. Wanda ya kammala nasa ya miƙa wa sakataren ikilisiyarsa, za mu buga a wannan shafi.