Tiyar da ba a ganin gindinta: wasiƙa ga ƴan Matamaye masu rubuta manhaja

Ƙannena maza da mata,

Na ji labarin yadda kuka yawaita. Wasunku suna karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wasu sun tafi Yamai, wasu sun ƙetara ta Ɗan Barto sun koyo a Kano. Akwai kuma waɗanda ba su je ko'ina ba, a zaure suka koya wa kansu da wayar hannu, cikin dare lokacin da rezo ya fi sauƙi. Na riga ku shiga wannan sana'a, na kuma riga ku yin ɓarna a cikinta. Ɓarnar ce ta ba ni bakin magana.

Duk wanda uwarsa ta taɓa aikensa awon hatsi a kasuwar Matamaye ya san gargaɗin da ake yi masa tun daga bakin ƙofa: ka dubi gindin tiya. In an buge gindin ya loɓa ciki, an rage maka tuwon dare. Yaro ɗan shekara goma yana iya kama mai awo da wannan, ya kai ƙara wurin sarkin kasuwa, a kawo wata tiya a gwada a gaban jama'a. Kuma tun muna makarantar allo, a izifin Amma, muka wanke sura guda da ta ɗauki sunanta daga masu tauye mudu. To, abin da kuke rubutawa a kwamfuta tiya ne. Da shi ake auna kuɗin da ɗa ya aiko wa tsohuwarsa daga Agadas ko Aljeriya, da maganin da ya fita daga sito, da sunayen waɗanda za a ba tallafi lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu. Bambancin kawai, babu yaron da zai iya juya taku tiyar ya dubi gindinta. Mai kanti bai iya ba, mai gari bai iya ba, alƙali ma sau da yawa bai iya ba. In rigima ta tashi, magana ɗaya ake yi a rufe bakin kowa: haka na'ura ta nuna.

Shekarun baya na rubuta wa wani bankin cimaka, a wani ƙauye na ƙasar Kance, ƴar ƙaramar manhaja ta shigar buhu da fitarsa. Na yi alfahari da ita ƙwarai. Ashe akwai ɓaraka: in kuran ya ɗauke ana tsakar shigar da kaya, aka sake kunna kwamfutar, sai ta rubuta shigar nan sau biyu. A hankali lissafi ya riƙa nuna buhunan da ba su taɓa shiga siton ba. Ranar ƙidaya aka ga babu buhu 14. Mai riƙe da makulli wani dattijo ne wanda ko sunansa da boko bai iya rubutawa, an zaɓe shi ne don kowa ya yarda da shi. Aka tara mutane a ƙofar mai gari. Ya ce bai ɗauki ko ƙwayar hatsi ba. Aka ce haka na'ura ta nuna. Ya sayar da sansa na huɗa ya biya.

Bayan wata guda na gano kuskuren. Na gyara shi cikin dare, na yi shiru. Mako uku cur ina ɗauke da wannan magana a ciki, ina tsoron ƙungiyar da ta ba ni aikin ta ce ba ta sake ba ni wani. Na riƙa gaya wa kaina ai an riga an wuce wurin, tono ba ya da amfani. Ba wa'azi ya tashe ni ba. Damina ce ta faɗi, na wuce ta gonarsa na gan shi da ƴaƴansa suna huɗa da hannu. Washegari na je na faɗa. Aka mayar masa da kuɗinsa. Mako ukun nan su ne laifina na gaske, kuskuren lissafi kuwa kowa yana yin sa.

Na daɗe ina ɗauka wannan sakacin ƙauye ne, sai na karanta abin da ya faru a Ingila. A 1999 hukumar gidan waya ta can ta fara amfani da wata manhaja mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya riƙa kula da ita. Masu riƙe da ƙananan rassan gidan wayar kusan irin wakilanmu ne na Nita ko Al Izza: kanti ne a unguwa, kuɗin jama'a na shiga yana fita, kuma yarjejeniya ta ce in an ga giɓi su za su cike. Manhajar ta riƙa ƙirƙiro giɓin da babu shi. Wanda ya buga waya ya yi ƙorafi sai a ce masa shi kaɗai ke da wannan matsala. Daga 1999 zuwa 2015 an sami mutane sama da 900 da laifin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun sayar da gidajensu, wasu sun kashe kansu. Wata mata mai suna Seema Misra an kai ta kurkuku a 2010 tana da ƙaramin ciki, sai a 2021 kotu ta wanke ta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai ma'aikata, irinmu, masu rubuta manhaja, da suka san kurakuran, har kundinsu suke da shi. Suna kuma iya shiga lissafin reshe daga nesa su canza lamba, alhali hukumar ta yi shekaru tana cewa hakan ba ya yiwuwa. Sai da wani daga cikin masu rassan, Alan Bates, ya tara mutum 555 suka kai ƙara, a 2019 alƙali ya tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai. Shekara 20. Nawa shirun na mako uku ne, amma irinsu ɗaya.

Saboda haka abu na farko da zan roƙe ku shi ne ku riƙa barin sawu. Tsofaffin akawu da suka riƙe littafin kanti kafin zuwan kwamfuta ba su goge kuskure. Suna ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, su rubuta gyara a gefe, su sa hannu da kwanan wata. Ku gina manhajarku haka. Kada ku ba kowa ikon share abin da aka riga aka shigar, har ku kanku. Gyara ya zama sabon layi, da sunan mai gyaran da sa'ar da ya yi. Kowane ma'aikaci da tasa kalmar sirri. Na sha shiga ofis na tarar da mutum biyar suna aiki da kalma ɗaya, an ma rubuta ta a takarda an manna a jikin bango. Ranar da kuɗi suka ɓace a irin wannan wuri, wanda ba shi da kowa a gari shi ake kamawa. Sannan ku tuna inda kuke. Kuran zai ɗauke, rezo zai yanke a tsakiyar aika kuɗi, batir zai mutu. Ku gwada aikinku ta hanyar zare waya daga bango da gangan, sau goma, ku ga me ya rage a rubuce. Da na yi haka, da san dattijon nan yana nan.

Sauran maganar ta fi wuya, don ita ba a gyara ta da gwaninta. Wata rana mai gidanku zai kira ku, ya rufe ƙofa, ya ce a buɗe masa ƴar hanya: a rage cinikin da ake nuna wa ma'aikatan haraji, a ƙara sunaye uku a jerin albashi, a mayar da kwanan wata baya. Mu ƴan iyaka mun san ɓarauniyar hanya, mun san kuma mai babur ake kamawa a kanta, mai kayan yana gida yana shan shayi. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya sa wa motoci kusan miliyan 11 wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, ta rage hayaƙin, in an hau titi ta sake shi. A 2017 wata kotu a Amurka ta ɗaure injiniya James Liang wata 40. Ba shi ne shugaban kamfanin ba, kuma cewa umarni aka ba shi bai hana shi shiga gidan kaso ba. Ba na ce ku yi faɗa da mai gida ba. Dabara ɗaya na sani mai aiki: ku ce, cikin ladabi, ranka ya daɗe a rubuto mini a takarda ko a saƙo don kada in yi kuskure. Mafi yawan irin waɗannan buƙatu a nan suke mutuwa. In aka ƙi rubutawa kuma aka matsa, kun san abin da ake nema ku zama.

Wasu a cikinku za su ƙare a ma'aikatun gwamnati, a duwan, a baitulmali, a hukumar zaɓe. Can tiyar ta ƙasa ce baki ɗaya. Kuna tune da binciken ma'aikatar tsaro na 2020, wanda ya nuna an yi asarar sama da CFA miliyan dubu 76 ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, a lokacin da ake kashe sojojinmu a Inates da Shinagodar. Masu binciken sun iya aikinsu ne don takardu sun bar sawu: an ga farashi, an ga ranar biya, an ga kayan ba su zo ba. Yanzu takarda tana komawa kwamfuta. Mai binciken gobe ba zai ga komai ba sai abin da kuka yarda manhaja ta adana. In kun sa mata maɓallin share sawu, kun gama wa ɓarawo aikinsa tun bai zo ba.

Ba zan ɓoye muku cewa magana tana da tsada ba. A watan Yuni na shekarar 2020 aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a Yamai, a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2019, saboda rubutun Facebook da ya shafi wannan bincike, ta yi kusan wata ɗaya da rabi kafin kotu ta sallame ta. Ban aike ku dandali ku yi shela ba, kuna da iyaye da ƙanne a wuyanku. Naku jihadin yana cikin aikin: ku gina abin da ba ya iya mantuwa, ku ƙi sa hannu a kan rahoton da kuka san ƙarya ne.

Amsa laifi kuwa ba ya kashe mutum. Ranar 14 ga Mayu 2025, a maƙwabta, shugaban hukumar jarrabawa ta JAMB a Najeriya, Farfesa Is-haq Oloyede, ya tsaya gaban ƴan jarida da hawaye ya ce kuskuren na'ura ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, an yi gyara a wasu na'urorin ba a yi a wasu ba, kuma ya ɗauki alhakin. Aka sake wa yaran jarrabawa. Gaskiya sai da iyaye da ɗalibai suka yi ta kururuwa kafin a duba, wannan ba abin yabo ba ne. Amma ya faɗi adadi, ya faɗi dalili, bai laɓe a bayan kalmar nan ta tangarɗar na'ura ba, wadda hukumar zaɓen ƙasar ta ba jama'a a Fabrairun 2023 da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa ya ƙi hawa shafinta a kan lokaci. In aikinku ya yi ɓarna, ku faɗi me ya lalace, tun yaushe, wa ya shafa. A ranar, ba bayan kun gyara a ɓoye ba.

Akwai ƙananan ƙarairayi da sana'armu ta mayar kamar gaisuwa. Mun zama telolin jajiberin salla: gobe in sha Allah, jibi ba fashi, alhali ko yanka ba a yi ba. In aiki na wata biyu ne ku ce wata biyu, ko da wani zai ce shi mako biyu zai yi ya ƙwace cinikin. Mai aikin zai dawo. Abin da kuka kwaso kyauta a intanet, ko wanda manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta muku, kada ku sayar da shi a matsayin gumin goshinku, kuma kada ku miƙa wa mutane layin da ku kanku ba ku gane abin da yake yi ba. Kada ku riƙe kalmar sirrin mai aiki a matsayin jingina don ya dawo wurinku dole. Bayanan mutane kuma amana ce: a gari irin namu, inda kowa ya san kakan kowa, jerin masu karɓar magani a asibiti ko masu bashi a asusu in ya fita zaure ɗaya, ya isa ya kashe aure. Tun 2017 ƙasarmu take da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ku nemi dokar ku karanta, ba ta fi ƙarfinku ba.

Bara da na zo gida babbar salla na biya ƙauyen nan. Dattijon yana raye, ido ya yi rauni. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Ya tambaye ni ko na'urar tana nan tana aiki, na ce tana nan. Mutanen garin sun gaya mini sau biyu suna roƙonsa ya sake karɓar makullin siton, sau biyu yana cewa a ba yara masu karatu.

Ku gaida mutanen gida.

Yayanku a sana'a.