Amanar Marasa Rinjaye A Ƙasar Zazzau

Maganarmu ta wannan mako a kan haƙƙin marasa rinjaye ce, watau mutanen da ke zaune cikin wata al'umma alhali kuwa addininsu, ko harshensu, ko aƙidarsu ta sha bamban da ta galibin mutanen wurin. Mun sani akwai daga cikin 'yan'uwanmu waɗanda da zarar sun ji an ambaci haƙƙin ɗan Adam sai su ja tsaki, su ce ai zancen Turawa ne. To, ba sai mun ƙetare teku ba. Mu fara daga nan Birnin Zariya, domin kusan duk abin da masana doka ke muhawara a kansa game da wannan batu ya riga ya auku a tsakanin Ƙofar Doka da Wusasa.

Wanda ya san birnin nan ya san gari ne da baƙi suka raya shi. Dubi gidajen sarauta huɗu na Zazzau tun bayan jihadi: Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa. Kowane suna daga cikinsu yana nuni da wata ƙasa ko wata zuriya da ta zo daga wani wuri. Haka malamai da almajirai da fatake suka yi ta shigowa ta ƙofofin ganuwa, a ba su masauki, a ba su fili, jikokinsu su wayi gari su ne 'yan gari. Da Turawa suka zo, jirgin ƙasa kuma ya iso wajen 1911, sai aka tsara zama iri dabam. Birni na 'yan asali, Tudun Wada ta 'yan Arewa waɗanda ba Zagezagi ba, Sabon Gari na mutanen Kudu da ma'aikatan reluwe, Turawa kuma suka keɓe wa kansu unguwa. Wannan rabo ya rage gogayya a zamaninsa, amma ya bar mana wata ɗabi'a, ta ganin cewa kowane jinsi yana da iyakar da bai kamata ya tsallake ba, kuma wanda ke bayan ganuwa ba lalle ne damuwarsa ta zama tamu ba.

Akwai kuma wasu mutane da wannan rabo bai san inda zai ajiye su ba. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna a cikin birni tun daga wajen 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa wajen 1929. A can aka sami jama'a Hausawa da Fulani, harshensu namu, tufafinsu namu, tuwonsu namu, addininsu kuwa Kirista. Daga cikin wannan jama'a aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa ɗin kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ba wanda zai iya ce wa mutumin Wusasa ya koma garinsu, don kuwa nan ne garinsu.

Ta yaya aka yi maganar haƙƙi ta shiga dokar ƙasarmu? Mutane da yawa ba su sani ba cewa tsoron marasa rinjaye ne ya kawo ta. Da aka doshi samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu na kowace jiha daga cikin jihohin nan uku suka ce suna tsoron abin da zai same su in Bature ya tafi ya bar su a hannun manyan ƙabilu. A nan Arewa, mutanen kudancin Lardin Zazzau suna cikin masu kuka da hakiman da ake aiko musu daga birni, da kotunan alƙalai. A 1957 aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin wani Bature, Sir Henry Willink, ya zaga ƙasa ya saurari koke-koke, ya ba da rahotonsa a 1958. Kwamitin bai goyi bayan a ƙirƙiro sababbin jihohi ba. Abin da ya ba da shawara shi ne a rubuta haƙƙoƙin kowane mutum a cikin tsarin mulki, yadda kotu za ta iya tsare su, aka kuwa ɗauko samfurinsu daga yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950, suka shiga tsarin mulkin 1960. A daidai wannan lokaci gwamnatin Sardauna ta gayyato masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aikinsu ya haifar da dokar Final Kot wadda ta hau kan Musulmi da wanda ba Musulmi ba, aka kuma yi ta horar da alƙalai a kanta a makarantar Kongo da ke nan Zariya.

Tsarin mulkin 1999 da ake aiki da shi ya gaji waɗannan haƙƙoƙi a babi na huɗu. Sashe na 33 ya tsare rai. Sashe na 38 ya ba kowa ikon bin addininsa da bayyana shi, shi kaɗai ko cikin jama'a. Sashe na 41 da na 43 sun ba ɗan ƙasa damar zama da mallakar fili ko gida a ko'ina cikin Nijeriya, na 42 kuma ya hana hukuma ta nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa. Wanda aka taka wa ɗaya daga cikinsu yana iya kai ƙara Babbar Kotu bisa sashe na 46. Ban da wannan, Nijeriya ta mayar da Yarjejeniyar Afirka ta 1981 dokar gida a 1983, ta kuma shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a 1993, wadda sashenta na 27 ya yi magana a kan marasa rinjaye da sunansu. Doka dai ba ta yi mana ƙaranci ba.

Tambayar da ta shafi mai karatun wannan fili ita ce, shin Musulmi yana bin waɗannan ne don tsoron ɗan sanda, ko kuwa addininsa ya ɗora masa? Mu a ganinmu addininsa ya ɗora masa tun kafin a haifi Willink. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka Madina, ya sa an rubuta yarjejeniya wadda ta ambaci ƙabilun Yahudawan garin ɗaya bayan ɗaya, ta bar su da addininsu, ta kuma ɗora wa kowa tsaron garin tare. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana mumini ya bar ƙiyayyar da yake wa wasu mutane ta kai shi ga yi musu zalunci, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana kuwa ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya warware wani kulli a littafinsa Alfuruƙ wanda har yau yake ruɗa mutane. Ya bambanta tsakanin soyayyar zuci da yarda da addinin wani, wadda ba a nema daga gare mu ba, da kyautata masa da tsare jininsa da dukiyarsa da mutuncinsa, wanda shi kuwa wajibi ne matuƙar akwai alkawarin zama tare. Ashe ba sharaɗi ba ne sai ka yarda da mutum kafin ka tsare masa haƙƙinsa. Malamanmu na ƙasar Hausa ma a kan wannan turba suka bar Maguzawa a ƙauyukansu cikin amana, suna biyan abin da aka yanka musu.

Sai dai kada mu rufe ido ga wani bambanci. Tsarin zimma na da, tsari ne na mai mulki da wanda ke ƙarƙashin kariyarsa, kuma a kudancin Zazzau tarihin bai tsaya ga amana kaɗai ba, akwai hare-haren kamun bayi waɗanda jikokin mutanen ba su manta ba. Yau alkawarin da ke tsakaninmu na 'yan ƙasa ɗaya ne, babu mai karɓar jiziya, babu mai bayarwa. Wannan fahimta ce malamai daga ƙasashen Musulmi masu yawa suka tabbatar a taron Marakish ta Maroko cikin Janairun 2016, suna kafa hujja da yarjejeniyar Madina. Musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari don an canza masa suna.

Da wannan ma'auni in muka auna kanmu, sakamakon ba mai daɗin ji ba ne. A 1966 an kashe Ibo a Sabon Garin Zariya kamar yadda aka yi a sauran garuruwan Arewa. A Maris 1987 rigima ta tashi a kwalejin horon malamai ta Kafanchan, kafin a ankara wutar ta iso nan, aka ƙone majami'u masu yawa na mutanen da ba su ma san abin da ya haɗa ɗaliban ba. A 1992 kuma reshe ya juya da mujiya. A Zangon Katab, wadda a lokacin gunduma ce ta masarautar Zazzau, Hausawa Musulmi ne marasa rinjaye, gardamar mayar da kasuwa wani wuri ta zama kisa a watan Fabrairu, ta dawo da muni a watan Mayu, aka hallaka jama'a masu yawa, aka rushe garin. Bayan zaɓen Afrilun 2011 an sake ganin irin wannan a Zonkuwa da Matsirga, a nan Zariya kuma aka sake afka wa majami'u. Cikin jiha ɗaya, tafiyar 'yan sa'o'i a mota, mai rinjaye ya koma maras rinjaye. An ba Katab da Kaje masarautunsu a 1995, abin da ya kamata a yi tun kukan zamanin Willink, amma sai da jini ya zuba.

Akwai wadda ta fi waɗannan wuyar faɗa a wannan fili, amma za mu faɗe ta. Daga 12 zuwa 14 ga Disamba 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky a Husainiyya da Gyallesu, bayan an tare wa ayarin Hafsan Sojojin Ƙasa, Laftanar Janar Tukur Buratai, hanya. Yawancin masu karatunmu ba su yarda da aƙidar Shi'a ba, kuma mutanen Zariya sun daɗe suna kokawa da tare hanyoyi lokacin muzahara. Kwamitin shari'a da gwamnatin Jihar Kaduna ta naɗa a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba shi ma ya ɗora wa ƙungiyar laifin ƙin bin doka. Amma kwamitin nan dai, a rahotonsa na 2016, ya tabbatar an kashe farar hula 348 da soja ɗaya, an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando, ya ce an yi amfani da ƙarfi fiye da ƙima, ya kuma ba da shawarar a gurfanar da masu hannu. Babbar Kotun Tarayya ta ba da umurnin sakin malamin da matarsa a Disambar 2016, ba su fita ba sai da Babbar Kotun Kaduna ta sallame su a Yulin 2021. Tare hanya laifi ne, yana da hukuncinsa a doka, hukuncin nan kuwa bai kai ko kusa da kisa ba. Abin da ya fi damunmu shi ne yawan waɗanda suka yi murna a lokacin, a shaguna da ofisoshi da ƙofofin masallatai. Wanda ya yarda a ajiye sashe na 33 yau saboda ba ya son wanda abin ya faɗa wa, me zai riƙe ranar da aka zo kansa?

Fatake sun fi kowa sanin amsar. Bahaushen da ke Sabo ta Ibadan, ko Zangon Kumasi, ko kasuwar shanu a Kudu, ba shi da ganuwa, ba shi da dogari, dokar nan kaɗai ce garkuwarsa. Dattawa suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi mako biyu su bar Gana, mutane suka baro gidaje da rumfuna suka dawo hannu rabbana, mu ma kuma muka yi wa mutanen Gana irinta a 1983. Matasa kuwa sun ga kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Labarin yadda aka riƙe Bayarabe ko Ibo a Sabon Gari yana isa Kudu kafin motar kaya ta isa.

Ma'aikacin gwamnati shi nasa alhakin a kan tebur yake, ba hayaniya. Fayil ɗin neman filin ibada ko na maƙabarta da ya kwana shekaru a aljihun tebur don an ga sunan mai nema, ko gurbin makaranta, ko ƙarin girma da aka tsallake, duk suna cikin abin da sashe na 42 ya hana, kuma amana ce da aka rantsar da shi a kanta. Mafi sarƙaƙiya ita ce takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Tsarin mulki ya yi amfani da kalmar ɗan asali wajen naɗa ministoci ba tare da ya fayyace shekara nawa mutum zai yi a wuri kafin ya zama ɗan gari ba, don haka sai hukuncin ya koma hannun shugaban ƙaramar hukuma da akawunsa. Yaron da aka haifi kakansa a Sabon Gari ana ce masa ya tafi garin da bai taɓa gani ba ya karɓo takarda, kuma wannan ita ce amsar da ake ba Hausawan Jos, waɗanda kakanninsu suka je haƙar kuza tun farkon zamanin Turawa. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba wannan takarda ita kaɗai, da abin da malaman fiƙihu suka ce game da lokacin da baƙo yake zama mazaunin gari.