Daɓen ifoksi da damunar Kagoma

Masu sabon gini a Kafanchan da Fadan Kagoma sun fara sha'awar daɓen ifoksi, mai sheƙi kamar gilashi, kuma ina ganin da yawansu za su yi asarar kuɗi idan ba su tsaya sun duba ƙasar da suke gini a kai ba. Ifoksi ruwa biyu ne ake gaurayawa, su daskare su zama fata mai tauri a kan kankare. Babban abokin gabansa danshi ne, mu kuwa nan ruwa yakan sauka tun Afrilu har Oktoba. In ba a shimfiɗa leda ƙarƙashin kankaren ba, ko aka shafa kafin siminti ya cika kwana 28, tururin da ke tasowa daga ƙasa zai kumbura shi, ya ɗaɗɗaye. Gwajin ba wuya: a manna leda a daɓen ta kwana, in da safe an ga raɓa a ƙarƙashinta, a dakata. Inda nake goyon bayansa ɗari bisa ɗari shi ne siton citta da wurin sarrafa ta, don ba ya tayar da ƙurar siminti, ba shi da tsagar da datti zai maƙale, kuma masu saye daga waje suna kallon tsabta ƙwarai. Ɗakin magani ma haka. Amma a gida, tsakar gida musamman, rana tana mayar da shi rawaya, in ya jiƙe kuma santsi gare shi, ga tsofaffi da yara. A nan tayil ko tarazo sun fi, kuma kowane birkila ya iya gyaransu.