Kunyar da ke kai mata kabari

Jiya a group ɗinmu na 'yan masters na tura bayani kan gwajin sankarar bakin mahaifa, irin wanda mace ke ɗaukar samfurin da kanta a gida. Ko minti goma ba a yi ba wani ɗan ajinmu ya rubuta wai ai wannan ciwon 'yan bariki ne, me ya haɗa matar kirki da shi? Har mutum huɗu suka sa masa alamar dariya. To Malam, gyara zama ka ji.

Goggona a Mararaban Rido aure ɗaya ta yi, 'ya'yanta shida. Shekaru kafin ta kwanta na sha roƙonta ta je gwaji, amsarta ɗaya ce: "Ni da girmana in kwanta ɗan cikina ya buɗe ni?" Da jini ya fara zuba sai ta ce sanyi ne, ta kama jiƙe-jiƙe. Ranar da aka kai ta asibiti likita ya ce an makara. Bara muka binne ta. Ita ce 'yar barikin?

Ƙwayar HPV ce ke jawo kusan duk wannan sankarar, ta saduwa ake ɗauka, kuma miji kan kai wa matarsa shi kansa bai sani ba. Yawanci jiki na kawar da ita. Idan ta zauna, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Duk wannan lokacin a hannunmu yake, mu ke zubar da shi. A 2020 kaɗai mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu.

Gwajin fa? Ɗan tsinke ne mai auduga. Ki rufe ƙofarki, ki ɗauki samfurin, ki sa a kwalbarsa, a kai ɗakin gwaji. Ba gadon asibiti, ba idon kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, ta ce a fara daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25. Ostireliya ta buɗe shi ga duk matan da suka isa gwaji tun 2022.

Gaskiya biyu dai: idan an ga ƙwayar ba yana nufin sankara ba, sai an ƙara dubawa. Wadda kuma ta riga ta fara ganin jini bayan saduwa ko bayan daina al'ada, asibiti za ta nufa yau, ba gwajin gida ba.

A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta. Madalla. Iyayenmu da yayyenmu da suka wuce shekarun fa, a bar su?

Ƙungiyoyin ɗalibai na samun kuɗin dinner da kwalliyar fasta. Ku nemi a kawo kayan gwajin nan asibitin makaranta. Mu kuma mu kai maganar Islamiyya da zumuntar mata, daga Rido har Kafanchan. Ku maza, kuɗin mota da izini kawai ake nema a wurinku, ba dariya ba.

Hutun nan da wannan maganar zan fara gaida Mama. Ke fa, yaushe taki ta yi gwaji?